Taƙi Shida na Gwaggo

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya mata makwanci yadda ta yi shekaru tana sanyaya wa matan gidan nan jiki. Yayar babana ce, kuma ita ta haifi mijina, saboda haka ni ban san wani gida da ba ta ciki ba. Ta rasu da hantsi, a ɗakinta, nan Dumega, a tsakiyar bazarar bana. Na zauna rubuta wannan ne don abin da na gani a zaman makoki, da kuma wani abu da na yi da hannuna wanda ba ya gyaruwa.

Wadda ta fara ita ce matar kawu, da ta zo daga Tibiri. Ta yi gaisuwar haƙuri, ta zauna kusa da ni, ta yi kuka mai isarta. Can sai ta ɗaga gefen zanenta kaɗan, ta nuna mini abin da ke ƙasa, ta ce ko na gane shi. Na gane shi sarai. Zanen gadon babana ne, mai koren ganye, ya koɗe har ganyen ya koma kamar inuwa. Matar da ke gefenta ta gani, ita ma ta ɗaga nata: labulen ɗakin sarakuwarta. Kafin azahar rumfar da mata ke zaman makoki ta koma wani abu daban. Kowace tana jan gefen zane tana cewa nata rigar katifa ce a da, nata zanen goyo ne guda biyu aka haɗa, nata mayafin kakarta ne. Ba su haɗa baki ba. Kowace ta ji labarin rasuwar, ta ɗauko siket ɗin da Gwaggo ta ɗinka mata ta sa a ƙasan zane ta taho. Wata tsohuwa ta dubi rumfar ta ce yau duk labulayen garin sun zo gaisuwa. Aka yi dariya, dariyar ta koma kuka, ba wanda ya san inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta soma.

Har matar mushen lakwal, malamin makarantar boko da suka taɓa zama a garinmu, ta zo. Kirista ce, sun daɗe da komawa Dogon Dutsi, amma ta hau mota ta zo da ƙafarta mai ciwo. Nata daga zanen tebur aka yanka shi. Ta ce matan cocinsu sun sha tambayarta wane tela ne, ta kan ce musu telan ba ya da shago, sai dai a kai masa tsohon abu a jira zafi.

A waje wurin maza, liman ya yi maganar sallarta da azuminta, kuma gaskiya ya faɗa. Amma mijina ya gaya mini abin da babana, ƙanenta ke nan, ya faɗa da la'asar. Cewa ya yi, "To, yanzu sai in shimfiɗa zanen gadona in tahi kasuwa hankali kwance." Daga nan ya rufe fuska da hannun riga, aka kama shi aka kai shi zaure.

Wanda bai san Gwaggo ba zai ce tela ce, kuma da ta ji da ta yi faɗa. Ba ta taɓa hawa keken ɗinki ba, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, kuma abu ɗaya kawai take ɗinkawa: siket na shan iska, na zaman gida a lokacin zafi. Idan sanyi ya wuce, rijiya ta fara ja da baya, sai ka gan ta tana zagaya ɗakuna kamar mai neman kaza. Ta kama labule ta murza tsakanin yatsu, ta kai shi kumatunta, sannan ta ɗaga shi wajen rana. In haske bai ratso ba, ta saki ta ce, "Wanga bai nuna ba." In ya ratso da yawa kamar ta rariya, ta ce ya wuce, a yi tsumma da shi. Tsakanin nan take nema: yadin da ya sha wanki har ya yi laushi, amma bai mutu ba. Sabon yadi kuwa ko kyauta ba ta so. Ta ce sabo yana da girman kai, sai ya shekara yana faɗa da fatar mutum, shi ya sa matan birni ke fama da ƙurajen zafi.

In ta samu wanda ya nuna, ta wanke, ta shanya a inuwa, ta shimfiɗa a tabarma gindin dogon yaron tsakar gida. Ta kira mai siket ta tsaya, ta auna ta da taƙi: babban yatsa nan, na tsakiya can, hannun yana tafiya a ƙugun mutum kamar gizo-gizo, tana tsokanarki tana ƙirga a zuci. Ta koma kan yadi ta taka shi da wannan hannun, ta ɗan tsaga baki da almakashi, sannan ta keta shi da ƙarfi ɗaya. Ɗinki guda ne a gefe, ta ninka shi sau biyu don kada ya ci fata. Ta kalmashe ƙasa, ta kalmashe sama ta bar hanyar zariya, ta tufka zariyar daga gefen yadin, ta zura da tsinken tsintsiya. Roba ba ta shiga aikinta. Allurarta kullum tana soke a kallabinta, shi ya sa jikoki suka koyi rungumarta daga ƙugu.

Tana da doka ɗaya da ba ta sassautawa. Ragowar yadi ba a taɓa ta. Takan ƙulle ta ta rataye a ƙusa, sai mai siket ta sa, ta zauna, ta tashi, ta duƙa a turmi, ta ce ya yi, sannan a kwance ƙullin a ba masu tsumma. Na ji wannan dokar sau nawa, Allah kaɗai ya sani.

Faɗansu da babana kuwa, ina amarya aka yi shi. Matar kawu ta haihu cikin zafi, ƙuraje sun feso mata har ba ta iya ɗaura zane. Gwaggo ta zagaya gida uku ba ta samu abin da ya nuna ba, sai zanen gadon babana. Shi kuma ya tafi kasuwar Tibiri. Ya dawo da yamma ya tarar da katifa tsirara. Ya zo har ƙofarta yana cewa shi bai taɓa ganin ɓarauniya mai sata da rana tsaka tana waƙa ba. Ta bar shi ya gama, tana ɗinkinta, sannan ta tuna masa zannuwanta nawa ya ɓata da fitsari tana goye da shi, ta ce in lissafi ya zo yi ya samu wuri ya zauna. Mutane suka kwashe da dariya, shi ne abin da ya fi ƙona masa rai. Damina guda ba su yi magana ba. Da kaka sai ta karya al'adarta, ta ɗinka rigar matashi da ragowar zanen ta aika masa. Ya ce matashin ba daɗi, yana sa masa ciwon wuya. Har yau a kansa yake kwana.

Akwai kuma wata baiwar Allah da ke yawo a kasuwarmu, wadda ake cewa aljanar nan doguwa ce ta taɓa ta. Ba ta yarda kowa ya matso ta, tufafi kuwa in an ba ta sai ta yar. Gwaggo kaɗai ke zama kusa da ita da ƙwaryar fura, ta yi ta ba ta labarin awaki, hannun yana tafiya a hankali a ƙugunta kamar wasa. Duk bazara sai ta yi mata ɗaya, kuma wannan ba ta yar da shi. Ranar sadakar uku ta zo ta tsuguna a bakin ƙofarmu, ba ta gaishe da kowa ba. Da na kai mata ruwa sai ta dube ni ta ce, "Wa za shi auna ni bana?" Na ajiye mata moɗar, na koma ciki.

Ni ce ya kamata in iya. Shekara talatin ina gefenta. Tun da idonta ya yi rauni ni ke zura mata zare, ni ke riƙe mata gefen yadi in za ta keta. Amma ban taɓa auna kowa ba, ban taɓa yanka ba. In ta ce in zo in koya, sai in ce tuwo na kan wuta, ko in ce ai tana nan. Ta kan ce, "Ina nan, ina nan, kamar dutsen Dogon Dutsi ko?" Mu yi dariya, in koma madafi.

Yanzu sai in zo kan ɗiyar fari. Ni na haife ta, amma ku da kuka san gidajenmu kun san ba na kiran sunanta, ba na zama in yi hira da ita, ba na kallonta ido cikin ido a gaban mutane. Tun da aka yaye ta Gwaggo ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, ƙawata Gwaggo ke ce mata. A ƙofar wannan ɗakin akwai labule, a bayan asabari inda rana ba ta kai masa. Farin yadi ne tun asali, aka rina shi shuɗi, ya yi zane, ya yi rufin gado, sannan ya zama labule. Ya nuna tun tuni. Duk shekara mata na zolayarta cewa ta cinye labulen kowa ta bar nata. Ita kuma ta ce, "Wanga na ƙawata na. Ranar da tay yi nauyi cikin zahi, shi za ta sa."

Yarinyar ta yi aure a Dogon Dutsi, mijinta tela ne mai shago. Da ya fara zuwa gaisuwa ya kawo wa Gwaggo metir, wato igiyar awon tela, sabo, mai ruwan ɗorawa. Ta yi godiya, ta sa masa albarka, washegari muka ga ta ɗaure dami na ganyen kuka da shi.

Bana Allah ya kawo abin da Gwaggo ke jira. Yarinyar ta zo ganin gida ƙarshen sanyi, ciki ya fito. Gwaggo ta ja ta ɗaki, ni kuwa na ɗauki tsintsiya na yi bayan gida, don ba na tsayawa inda ake maganar cikin ɗiyar fari. Ina jiyo dariyarsu. Gwaggo ta auna ta, ta ƙara na watannin da ke gaba, ta ce kafin ta dawo gida goyon ciki siket na jiranta.

Sati uku bayan haka Gwaggo ta faɗi a bakin randa. Muka kai ta asibiti a Dogon Dutsi, aka yi abin da za a iya, aka ce mu dawo da ita gida. Ɓarin dama ya shanye. Hannun nan da ya zagaye ƙugun rabin matan garin ya dunƙule, ko da ruwan ɗumi ba ya buɗewa. Harshe ya yi nauyi, magana sai an kai kunne.

Wata safiya ina ba ta kunu, ɗanta, wato mijina, na zaune, ta yi ta nuna ƙofa da ido har na gane labulen take nufi. Na sauke shi na kawo mata. Ta ce, da ƙyar, kalma na faɗuwa ɗaya ɗaya, "Na ƙawata. Shida... faɗi. Huɗu... tsawo." Na maimaita mata: taƙi shida, taƙi huɗu. Na ce ta kwantar da hankalinta, zan yi. Sai ta kai hannun hagu ta kama nawa, ta yi ta bubbuga bayansa, tana girgiza kai, bakinta na motsi ba abin da ke fita. Ta bubbuga, ta dubi nata hannun da ya dunƙule, ta sake bubbugawa. Na ɗauka godiya take yi, ko tsoro ne ya kama ta. Na ce, "Ba komai Gwaggo, Allah shi ba ki lahiya ki yi da kanki." Ta rufe ido, hawaye ya gangara cikin kunnenta. Na share mata, na ci gaba da ba ta kunu. Kwana tara bayan nan ta cika.

Yarinyar ta zo ta yi kwana uku, ta koma Dutsi don awon asibiti da haɗa kaya. Kwana ukun nan tana gabana, ni kuwa ko sau ɗaya ban ɗaga ido na dubi cikinta ba. Mijinta tela ya zo gaisuwa, muka gaisa ta bayan zana kamar yadda ake yi da suruki, ban yi masa maganar siket ɗin ba.

Ranar biyar, da safe kafin mutane su taru, na wanke labulen, na shanya a inuwa, na shimfiɗa a gindin dogon yaro daidai inda take zama. Na yi bisimilla. Na taka taƙi shida, na taka huɗu, na ƙirga sau uku don kada in yi kuskure. Na tsaga baki, na keta. Har na ji daɗi da ƙarar ta fita irin tata. Na ga ragowar ta yi yawa, na ce a raina ashe labulen babba ne.

Ranar sadakar bakwai gida ya cika, tukwane biyar a kan wuta. Wata cikin masu girki ta leƙo ta ce a taimaka musu da tsumma, tukunya na ƙona hannu. Ina tsakiyar baƙi, kaina ba ya tare da ni. Na miƙa hannu na ɗauko abin da ke kusa na ba ta. Sai da yamma, da ake kwashe toka, na ga shuɗin ƙyalle a bakin murhu, an yayyaga shi gida-gida, ya sha baƙin tukunya da mai, rabi ya ƙone. Na tuna dokarta, amma na ce ai na ƙirga sau uku.

Kwana huɗu na yi ina ɗinki. Layin bai miƙe ba, na soke yatsa ya fi a ƙirga, amma na ninka gefen sau biyu, na tufka zariya, na zura da tsinken tsintsiya. Da yarinyar ta dawo goyon ciki, na ajiye mata shi a kan gadon Gwaggo, na fita na kama tankaɗen da ba ya bukatar a yi shi.

Ta daɗe a ciki. Da ta fito tana riƙe da shi a hannu, zufa na bin wuyanta. Ba ta yi fushi ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tsaya a kaina ta ce bai wuce cinya ba, kuma ko da ya shiga, da ƙyar zai rufe gwiwa. Na ce ba zai yiwu ba, shida da huɗu Gwaggo ta ce, mahaifinta shaida ne.

Ta ce, "Inna, da hannun wa kinka auna?"

Ta ajiye siket ɗin, ta kama hannuna da garin tuwo a jikinsa. Rabon da ta riƙe hannuna tun tana koyon tafiya. Ta ja ni zuwa bayan madafi. Shekarar da aka yi wa bangon yaɓe, Gwaggo ta zame ta dafa shi yana ɗanye, hannunta ya fito raɗau, yatsu biyar a buɗe. Na wuce wurin sau dubu da itace a kai. Yarinyar ta ce tana ƙarama kullum sai ta zo ta gwada nata ta ga ko ta kamo. Ta ɗora tafina a ciki. Yatsuna suka tsaya a hanya, kowanne da sauran gaɓa guda da ƴan kai kafin ya kai ƙarshen nata. Duk taƙi ɗaya na ci kusan faɗin yatsu uku, har sau shida.

A nan na gane bubbugar nan. Ba godiya take yi ba. Cewa take ba da wannan hannun ba. Tana kallona ina cewa ba komai, ina tura mata cokalin kunu a baki.

Mijina ya kai wa surukinmu siket ɗin da ƙyallayen da na tsince daga toka. Ya juya su, ya aiko cewa ba abin da za a ciro a ciki, sai dai a ƙara sabon yadi a gefe da ƙasa. Yarinyar ta ce a'a, kada a haɗa labulen Gwaggo da abin da Gwaggo ba ta so. Matar kawu ta ce a ajiye, in mace aka haifa wata rana ta sa. Na ce to. Amma ni na ɗaga yadin nan wajen rana, na ga yadda haske ke ratsa shi. Ba zai jira shekara goma sha biyu ba.

Ga mu nan dai. Yarinyar na zaune a gindin dogon yaro da zanen kanti, ƙuraje sun feso mata a ƙugu da baya, tana fifita da faifai. Na zagaya ɗakuna na murza labule biyu uku, ban san wanda ya nuna da wanda bai nuna ba, duk ɗaya nake jin su. Baiwar Allah ta kasuwa takan zo ranar kasuwa ta tsaya a ƙofa, ta dube ni, ta wuce. Siket ɗin na rataye shi a ƙusar labule, a ƙofar ɗakin Gwaggo. Bai rufe ko rabin ƙofar ba, duk mai wucewa yana hango gadonta.

Ku da kuke da nata a ƙasan zanenku, ku yi mata addu'a in kun ɗaura zariyar. Allah ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya ba ta tufafin da ba sa cin jiki. Ni kuma ku roƙa mini ta yafe mini.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Mijina ya ce dole a sake yi wa bangon madafi yaɓe kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba bana zai zube. Na ce ya dakata. Ya ce har yaushe. Na tashi na nufi bayan madafi. Na kafa ƙusa na rataya tsohon faifai a kan hannun, ko da yake na san faifai ba ya tare ruwan Agusta.